Cokali Ɗaya a Baƙar Tukunya

Ranar da dimokuraɗiyya ta shigo gidan, babu wanda ya kai Goggo murna. Har rawa ta taka a tsakiyar falo, tef ɗin awo na lilo a wuyanta, tana tafi tana cewa, “Yau dai Allah ya kawo mana ƙarshen ihu!”

Ƙanenta, maigidan, shi ya kwaso abin daga waje. An ɗauke shi aikin wucin gadi a rumfar zaɓe, aikin da bai wuce dangwala wa mutane tawada a ɗan yatsa ba, amma ya dawo gida da hular hana rana da baki cike da manyan kalmomi. Tun daga ranar 'ya'yansa suka laƙa masa Ciyaman. Maimakon ya ji haushi, sai ya riƙa amsawa yana gyara tsayuwa.

Gaskiya gidan na bukatar magani. Mutum biyar ne kacal a ciki, amma in suka fara sai ka rantse tashar mota ce. Uwargida da 'yarta Nas, mai karatun jinya, kullum cikin cacar baki suke a kan wanke-wanke. Injiniya, babban ɗa, ya gama makaranta yana jiran aiki, don haka aikinsa a lokacin shi ne buga ƙofa da riƙe rimot. Goggo ce kaɗai ba ta da abokin faɗa. Tana ɗakinta mai taga a bakin titi tana taka keken ɗinki, mata na miƙo mata yadi ta tagar suna tsayawa hira, in rigima ta yi zafi a kirawo ta ta raba.

Ciyaman ya tara su, ya yi gyaran murya. “Daga yau an daina ɗaga murya a gidan nan. Duk abin da ya taso, ƙuri'a za a kaɗa. Abin da masu rinjaye suka ce shi ke nan, ko da ni aka kayar.”

“Ko da kai?” in ji Goggo. “Kai ɗin da in na goya ka sai an yi dambe kafin ka sauka?”

“Ko da ni, Yaya.”

Ga yadda ya tsara. An ajiye tukwane biyu a bayan labulen kicin, fara da baƙa. Kowa ya ɗauki cokalinsa na cin abinci ya shiga shi kaɗai. In ya yarda da maganar ya jefa a fara, in bai yarda ba ya jefa a baƙa. In an gama a fito da tukwanen a juye a kan tebur a gaban kowa.

Maganar farko da aka kaɗa wa ƙuri'a ita ce rediyon Ciyaman, wanda yake ƙure wa murya tun kafin mutane su gama barci. Da aka juye farar tukunya, cokula huɗu suka zubo. Goggo ta yi tsalle kamar ba ita ke kukan ciwon gwiwa ba. “An kayar da gwamnati! Wallahi an kayar da gwamnati!” Nas ta faɗi a kujera tana dariya, Injiniya na buga tebur, shi kansa Ciyaman ya cire hula ya rusuna ya ce ya karɓi kaye. Ranar har maƙwabta sai da suka leƙo, don ba su saba jin irin wannan hayaniyar daga gidan ba.

Sai dai tsarin na da ɓaraka. Farar tukunyar sakayau ce, in cokali ya faɗa ciki sai ta ce ƙwaram. Baƙar kuwa mai nauyi ce, ƙum kawai take cewa. Kowa na falo ya kasa kunne, don haka kafin mutum ya fito daga bayan labule an riga an san inda ya jefa. Rannan Nas ta ji ƙwaram ɗin uwarta a kan maganar wayarta, aka koma gidan jiya, har da kuka da ƙin cin abinci.

Ciyaman ya dafe kai. “Ƙuri'a in ba ta sirri ba ce, ai ba ƙuri'a ba ce.”

“Wannan ai aikin tela ne,” in ji Goggo. “Ku ba ni tukwanen.”

Ta tattaro guntayen ƙyalle da soson tsohuwar katifa, ta auna gindin kowace tukunya, ta ɗinka musu shimfiɗa mai kauri, har da ɗan ado a gefe. Aka gwada. Cokali ya faɗa, shiru kake ji. Aka yi mata tafi, Ciyaman ya ce ta shiga tarihi, ita kuma ta yini tana washe baki. Kaico, Goggo! Da hannunta ta ɗinka abin, ba wanda ya sa ta.

Daga nan aka ƙara wata doka: mai ƙorafi ba sai ya tsaya a gaban jama'a ba, ya raɗa wa Ciyaman a kunne, shi zai gabatar. Ba a jima ba ya gabatar da na farko. “An kawo ƙudiri cewa ƙarar keken ɗinki na hana karatu da hutawa. A riƙa ɗinki daga safe zuwa azahar kawai.”

“Wa ya kawo?” Goggo ta tambaya tana dariya.

“Sirri ne, Yaya.”

Huɗu a fara, ɗaya a baƙa. Goggo ta cire tef ɗin wuyanta ta rusuna yadda Ciyaman ya yi, ta ce ita ma ta karɓi kaye, aka yi ta ƙyaƙyatawa. Nas ta rungume ta ta ce, “Goggona 'yar dimokuraɗiyya!” Ba wanda ya ɓata rai, ba wanda ya ce shi ne. Goggo ta koma ɗaki ta rufe keken da zane tun rana na tsaka, ta ce wa matar da ke jira a taga ta dawo jibi.

To, daga nan sai abu ya miƙe. Wa zai riƙa wanke-wanke, tunda Nas na da jarrabawa, Uwargida kuma sabulu na cinye mata hannu? Tukunya ta ce Goggo, ai yanzu ba ta da aikin yamma. Wa zai tsare gida in za a fita ziyara? Tukunya ta ce Goggo. Fankar ɗakin Injiniya ta mutu, ta wa za a ciro? Ba sai na faɗa ba. Duk lokacin da aka juye tukwane, sai ka ga cokula sun taru a gefe guda suna ƙyalli, ɗaya kuma can shi kaɗai. Kuma duk lokacin sai an yi dariya, don Goggo ba ta rasa abin cewa. Ta sa wa kanta suna shugabar 'yan adawa, tana shiga bayan labule da tafiyar soja, tana fitowa tana ɗaga wa magoya bayanta hannu.

Gida kuwa ya yi luf. Uwargida da Nas suka koma ƙawaye, har kitso suke yi wa juna. Injiniya ya daina buga ƙofa. Me za a yi wa faɗa, tunda duk abin da ba wanda ke so an san inda za a sauke shi? Maƙwabta suka fara turo matansu su zo su ga tsarin. Ciyaman ya riƙa fito da tukwanen yana nuna wa baƙi, yana shafa shimfiɗar yana cewa, “Aikin yayata ne. Tun da muka fara, ko tari ba a yi da ƙarfi a gidan nan.” Goggo na can bakin famfo da tulin kwanuka, tana jiyo su tana ɗaga hannu mai kumfa tana amsa gaisuwa.

Sai Injiniya ya samu aiki, ya kuma samu mata. Aka yi ta murna, Goggo ta fi kowa, don ita ta yi renonsa. Tana cikin lissafin irin labulen da za ta ɗinka wa amarya Ciyaman ya yi gyaran murya. Ɗakin Injiniya ya yi wa mutum biyu kaɗan. An kawo ƙudiri cewa a ba shi ɗakin bakin titi, Goggo ta koma sito, bayan an share shi an yi masa fenti.

Wannan karon dariyar ta ɗan tsaya mata a wuya. Tagar nan ita ce shagonta, ita ce kasuwarta, ita ce wurin hirarta. Amma ta haɗiye, ta ce a ba ta lokacin yaƙin neman zaɓe, ai haka doka ta ce. Ciyaman ya ji daɗi ƙwarai, ya ce wannan shi ne wayewa.

Kai, Goggo ta yi kamfe! Ta rage wa Ciyaman wandunansa da suka yi masa yawa. Ta ɗinka wa Nas fararen riguna na asibiti. Ta gyara wa Uwargida zip ɗin jakunkunan da ta jibge shekara da shekaru. Tana bin su ɗaki ɗaki da waƙar da ta ƙirƙira, tana kaɗa murfin kwano, su kuma suna amsa mata amshi suna riƙe ciki. Uwargida ta ce, “Haba Yaya, ai ko ba ki yi komai ba, wa zai raba ki da ɗakinki?”

Huɗu a fara, ɗaya a baƙa.

Injiniya ya sosa ƙeya ya ce, “Ikon Allah.” Uwargida ta ce ita abin ya ɗaure mata kai. Ciyaman ya buɗe hannuwa ya ce, “Tukunya ta yi magana.” Goggo ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, duk fuskokin tausayi ne, kowa kamar shi aka yi wa. Ta ce, “To, 'yan adawa sun koma sito,” ta yi tafiyar sojanta, amma ba ta ɗaga wa kowa hannu ba.

Siton yana bayan kicin. An yi masa fenti kam, amma ba a fitar da buhunan ba, an dai matsar da su gefe. Taga babu, sai wata 'yar kafa can sama wadda ko kan kyanwa ba zai shiga ba. Gado ya shiga da ƙyar, keke ya shiga a karkace, in za ta taka sai gwiwarta ta riƙa dukan buhun shinkafa. Ƙwan fitilar ja ne mai rauni, sai ta yi ta lalube kafin zare ya shiga allura. Masu kawo ɗinki suka zo taga suka tarar da sabon labule da amarya a bayansa. Masu naci suka zagayo ta ƙofa, aka kawo ƙudiri cewa baƙi na ratsa falo suna tattaka kafet, tukunya ta hana. A hankali aka daina tambayarta.

Amarya kuwa tun ranar da ta tare aka miƙa mata cokalinta, da tafi da jawabi. Yarinya ce mai fara'a, tana durƙusawa har ƙasa in za ta gaida Goggo. Bambancin da zuwanta ya kawo shi ne, yanzu in an juye tukwane biyar ake gani a gefe guda maimakon huɗu.

Goggo ma ta gwada kawo nata ƙudirin. Ta raɗa wa Ciyaman cewa a fasa bangon sito a yi mata taga. Ya gabatar da murya mai nauyi, ya ce an kawo, ba zai faɗi mai kawowa ba, kowa ya tuntsire da dariya har da ita. Aka ce fasa bango zai raunana gini. Ta sake kawo wani: a canza mata ƙwan fitila. Aka ce in aka fara canza wa mutum ɗaya, kowa zai ce a canza masa. Ta faɗi duka biyun, aka yi mata tafin ƙarfafa gwiwa.

Wata ranar hutu da hantsi Ciyaman ya shigo siton neman tocila, ya same ta zaune a bakin gado ta kanga allura a saitin 'yar kafar nan, ta rufe ido ɗaya.

“Zauna, ƙanina,” ta ce. Ya duba bai ga wurin zama ba, ya ɗosana a kan buhu.

“Ni fa ban gane ba. Wannan tukunyar taku, ba ta san sunan kowa ba sai nawa?”

“Haba Yaya. Tsari ne. Ni ma ai an kayar da ni, a gabanki.”

“An kayar da kai a kan rediyo. Ka sayi abin saƙalawa a kunne, ka ci gaba da jin abinka.”

“To ya zan yi? Cokali ɗaya gare ni kamar kowa.”

“Kana iya cewa akwai abin da ba a kai shi bayan labule. Wurin kwanan mutum, abincinsa, sana'arsa. Ka ce wannan ba na ƙuri'a ba ne.”

Ciyaman ya zaro ido kamar ta ce ya yi sata. “In na yi haka ai na zama ɗan kama-karya! Yau in na hana a kan naki, gobe kowa ya kawo nasa, shi ke nan mun koma zamanin ihu. Yaya, ki duba fa ki gani. Yaushe rabon da ki ji an yi faɗa? Gida ya zauna lafiya.”

“Ya zauna kam,” in ji Goggo. “A kaina ya zauna.”

Ya yi dariya sosai, ya ce wallahi Yaya ba ta da dama, ya ɗauki tocilarsa ya fita. Da yamma ta jiyo shi yana maimaita wa Uwargida maganar, su duka suna dariya.

Abin da ya ƙarasa ta firiza ce. Uwargida da Amarya suka haɗa kai za su fara sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, aka sayo wata ƙatuwar firiza, aka rasa inda za a sa ta. Ta kwana biyu a tsakiyar falo kowa na tuntuɓe da ita. Sai aka tuna sito na kusa da kicin, ga soket, ga inuwa. Sai kuma aka tuna, kamar daga sama, cewa akwai wata 'yar ɗan'uwansu a wani gari mai nisa, mai yara rututu, wadda ta daɗe tana neman babba a kusa da ita.

Ciyaman bai iya haɗa ido da kowa ba da zai gabatar. “An kawo ƙudiri cewa Yaya ta je can ta ɗan canza iska. Ta huta. Siton nan bai dace da lafiyarta ba, kowa ya sani.”

“Sai yaushe zan dawo?”

“Wannan kuma wani ƙudirin ne, sai lokacinsa ya yi.”

Goggo ta dubi firizar, fara sol, ko ledarta ba a gama cirewa ba. “Ita wannan ko cokali ba ta da shi, amma har ta ci ɗaki?” Aka fashe da dariya, dariyar da ta fi ƙarfin maganar, irin ta mutanen da suka samu hanyar kuɓuta. Goggo kuwa ba ta taya su ba. Yarinyar da ake maganar rabonta da ita tun tana rarrafe. A gidan nan ta tsufa, a titin nan aka san ta, in ta fita nan ba ta san ko wace ce ita ba.

Wannan karon ba waƙa, ba murfin kwano. Bin su ta yi ɗaya ɗaya ta roƙa, roƙo na gaske. Kuma abin mamaki, ba ta sha wahala ba ko kaɗan. Nas ta fashe da kuka ta ce in Goggo ta tafi ita ma binta za ta yi. Injiniya ya ce, “Ke da kika yi renona? Allah ya kiyaye.” Amarya ta durƙusa ta ce ita baƙuwa ce, ina ita ina korar uwa. Uwargida ta ce firiza ai ko a baranda sai ta zauna, ita ba da yawunta aka kawo maganar ba. Ciyaman ya dafa ƙirji ya ce, “Yaya, ciki ɗaya muka fito.” Goggo ta koma sito tana ƙirga alkawura a yatsu, ta ga har da nata babu wanda ya rage. Daɗi ya kama ta, ta rungume buhun shinkafa ta ce masa, “Maƙwabci, muna nan tare!” Har ta fara tunanin in ta ci da irin wannan rinjaye, za ta sake tayar da maganar taga.

Ranar zaɓe ta ci ado. Ta shiga bayan labule ta ƙarshe, ta ɗaga murfin baƙar tukunya ba tare da ta leƙa ba, don doka ta hana, ta saki cokalinta a hankali, ta fito tana murmushi. Ciyaman ya kawo tukwanen. Ya juye fara, cokula suka zubo da ƙara, wani har ya gangara ƙasa. Ya juye baƙa. Guda ɗaya ya faɗo, ya ɗan yi rawa a kan tebur, ya kwanta.

Ba wanda ya yi tafi. Ciyaman ya tattara cokulan ya ba Amarya ta kai wurin wanki. Goggo ta tashi ta nufi sito. Tafiyar tsohuwa ta yi, tana dafa bango.

Tana cikin ninke zannuwanta Amarya ta leƙo, ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya. “Goggo, don Allah kar ki faɗa wa kowa. Cokalin nan ɗaya, nawa ne.”

Goggo ta tsaya da ninkin. Ta dube ta da kyau, ta ce, “Allah ya yi miki albarka.”

Ba a jima ba sai ga Nas, ido jajir. Ta faɗa jikinta. “Goggo, ni kaɗai na tsaya miki. Ni kaɗai! Ban taɓa sanin haka mutanen gidan nan suke ba.”

“Na gode, 'yata.”

Injiniya ya zo da igiya zai ɗaure mata kaya, ya rufo ƙofa, ya ce shi ba mai son surutu ba ne, amma ta sani ɗaya tilon nan daga hannunsa ya fito, ko matarsa bai gaya wa ba. Uwargida ta zo da ƙullin sabulu da man shafawa, ta zauna a kan buhu ta share hawaye, ta ce, “Yaya, duniya abin tsoro ce. Ni da ake ganin firizata ce, ni ce na ce a'a. Ko ba ki yarda ba Allah ya gani.” Da ta fita, dariya ta ƙwace wa Goggo. Ta toshe baki da zane tana yi, kafaɗunta na rawa, har ta rasa gane ko dariyar ce ko ɗayan.

Washegari da safe mota ta zo. Direba ya ce keken ba zai shiga da ƙafafunsa ba, aka kwance kan aka ɗora mata a cinya, aka ce ƙafafun za a aiko daga baya. Tun ba ta gama fita ba ta jiyo ana jan firiza a kan siminti, Injiniya na cewa a ɗaga ta gefen hagu. Maƙwabta suka fito, Uwargida na gaya musu Yaya za ta je hutu ne, kuma ba wanda ya tilasta, shawarar gida ce, a cikin lumana aka yi aka gama. Wata maƙwabciya ta ce ita dai gidan nan na burge ta.

Ciyaman ya bari sai da kowa ya ja baya, sannan ya sunkuyo ta tagar mota. Idonsa ya kawo ruwa, ruwa na gaske, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

“Yaya, ban so in faɗa ba, don shugaba bai kamata ya nuna ɓangare ba. Amma ba zan bari ki tafi da zargina a zuci ba. Cokalin nan da kika gani a baƙar tukunya...”

“Naka ne,” in ji Goggo.

“Ashe kin gane.”

“Na gane. Kai ne na biyar da ya gaya mini.” Ta gyara kan keken a cinyarta. “Amarya ta ce nata ne, Nas ta ce nata ne, ɗanka ya ce nasa ne, matarka har da rantsuwa. Duk na gode muku. Abu ɗaya kawai nake so ka bincika mini, tunda kai ne Ciyaman. Ni ma fa na shiga bayan labulen nan, kuma a baƙa na jefa. To nawa ina ya tafi?”

Ciyaman ya ɗago daga tagar motar. Ya waiwaya ya dubi matarsa da 'ya'yansa da surukarsa, suna jere a bakin ƙofa, kowa na ɗaga hannu, kowa da fuskar wanda shi kaɗai ya yi abin kirki. Da alama sun ji, don hannuwan sun fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Nas ta saci kallon uwarta. Uwargida ta dubi Amarya sama da ƙasa. Injiniya ya dubi ubansa, kallon da Goggo ta daɗe ba ta gani ba a gidan.

Ta san kallon sarai, ita ta sha raba shi. Akwai wanke-wanken yau a bakin famfo, ba a kaɗa ƙuri'ar mai yin sa ba tukuna. Akwai tsaron gida, akwai fanka, akwai duk abin da ba wanda ke so, kuma mai ɗauka ga ta a mota. Su biyar ne yanzu, dole tukunya ta koyi sabon suna kafin azahar. Ta ji tausayinsu ya taso mata, ta danne shi, don ba su bar mata wurin ajiye shi ba.

“Yaya,” in ji Ciyaman, “ko a sake zaɓen?”

“A'a, ƙanina, ni 'yar dimokuraɗiyya ce, na karɓi kaye.” Ta taɓa kafaɗar direba. “Mu je, malam. Ja a hankali, kar ka tayar musu da hankali, gidan zaman lafiya ne.”